Murfi Biyu Bai Yi Ba, a Ƙara Na Uku

Mu masu noman rani akwai mu da saurin yanke hukunci. A yi feshi ran Talata, a koma ran Juma'a a girgiza tumatir, farin ƙuda ya tashi buu, shi ke nan an gama shari'a: maganin jabu ne. Daga Kadawa har Kura da Bunkure zancen majalisa ɗaya ne, "Wallahi magungunan yanzu ruwa ne zalla." Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba gardama. Amma a bar kwalba ta huta, a dubi hannun da ke riƙe da ita.

Takardar jikin kwalba ta faɗi ma'auni, mu kuwa murfi muka sani. Biyu bai yi ba, a ƙara na uku. Wanda aljihunsa ya yi sanyi kuma ya tsinka da ruwa, maganin gona ɗaya ya raba wa biyu. Sai mu goya famfo mu wanke saman ganye tas, alhali ƙwan da 'ya'yan suna manne a ƙarƙashinsa, cikin inuwa, suna tsotson ruwan shuka abinsu.

Daga nan sai shagon mai magani. "Alhaji, a canza min, wancan ya daina ci." Ya miƙo wata kwalba mai sabon suna, har da hoton zaki. Ka ba ɗanka ɗan sakandare ya karanta ƙananan rubutun ƙasa, ka ji abin dariya: imidakuloforid ka zuba makon jiya, shi aka sake ba ka yau. In an yi maka kirki a ba ka asetamifirid, ɗan uwansa na jini, hanyar kisansu ɗaya. Mun canza wa magani riga, muna jiran ƙuda ya ruɗe.

Shi ko ƙudan ba ya wasa da lokaci. In ana zafi, mako uku sun ishe shi daga ƙwai zuwa mai fiffike, macen kuma tana iya zuba ƙwai fiye da 100. Duk feshi yana kwashe masu rauni ya bar 'yan taurin kai, su ne za su haifi na gaba. Kafin a tsinke kwandon ƙarshe, jikokinsu ne a gonar, da kuɗinmu muka tace su. Ba mu kaɗai ba ne. A 1991 imidakuloforid ya shigo kasuwa, shekara goma ba ta cika ba manoman Almeriya a Sifen suka ga ya fara gaza musu.

Wani abin da ke haɗa mu rigima: wannan ya rantse magani kaza ya yi masa aiki, wancan ya ce ƙarya ne. Mai yiwuwa dukansu gaskiya suke faɗa. Abin da muke kira farin ƙuda iri fiye da 40 ne, kamanninsu ɗaya, sai ɗakin gwaji ke rarrabe su. Na rogo daban yake da wanda ke naɗe ganyen tumatir, wani irin kuma ya fi wani jure guba nesa ba kusa ba.

Wanda ke da dangi a Mai Wurno ya tambaye su labarin Jazira ta Sudan. Da jiragen sama aka riƙa yi wa auduga feshi saboda tsutsa, aka haɗa har da ƙwarin da ke cinye farin ƙuda aka kashe. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 shi ya zama sarkin gona, darɓarsa ta manne auduga, darajarta ta faɗi a kasuwa.

Malamin gona ya sha faɗa mana: a riƙa sauya dangin magani, a ɗaga bakin famfo ya bugi ƙasan ganye, a tumɓuke shukar da ta murɗe tun tana ƙarama, a share tsohuwar gona kafin sabon dashe. Duk mu gyaɗa kai, "Haka ne, Malam." Yana tayar da babur, ka dubi maƙwabcinka ka ce, "Baba, tsohuwar kuɓewar nan taka da ke jikin rainon tumatirina fa?" Ya ce, "Haba ɗana, wadda har yanzu take ba ni na miya? Bari dai a sha ruwan kasuwa biyu tukuna."