Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Fanel Ɗin Sola

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana shan rana lafiya a saman kwano, na rubuto ne in kawo kuka a madadin 'yan koyo, mu da kuɗin fetur da hayaƙin janareta suka ishe mu, muka fasa asusu muka ɗauko ka daga kasuwar Sabon Gari bisa alkawarin cewa rana kyauta ce. Rana kam kyauta ce. Kai ne dai kake da sharuɗɗa, kuma babu wanda ya karanta mana su kafin mu ƙirga kuɗi.

Mu fara da takardar da ke manne a bayanka. A shago an ce mana kai ɗan bolt 12 ne, amma da aka ɗora maka mita da tsakar rana sai ga 21 har 22, in kuma kana kan aiki ka tsaya wajen 18. An rubuta maka wat 100, ashe a ɗakin gwaji aka auna ka, a zafin digiri 25. Ina Kano ta ga digiri 25 da tsakar rana a watan Afrilu? In kwano ya gasa ka kana iya haura 60, sai fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinka ya bi iska. Wai kai da rana ce abincinka, kuma zafinta ke sa ka kasala!

Babban kukan dai a kan haɗi yake. Mutum ya sayo ku biyu, kowanne da jar waya da baƙa, ya tsaya yana kallon wayoyi huɗu. In ya ɗauki jar ɗaya ya haɗa da baƙar ɗan'uwansa, ya jera ku jerin gwano, bolt ɗinku ya taru ya zama 36, am kuma ya tsaya a biyar da rabi. In ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, kafaɗa da kafaɗa, bolt na nan a 18, am ne ya ninka zuwa 11. A lissafi duk wat 200 ne. A gida kuwa bambancin yana da yawa, domin akwai wani hakimi tsakaninku da batir, wato kwantirola. Mai arahar nan da ake ce wa PWM ba ta san yadda za ta juya rarar bolt ba; in an ba ta 36 a kan batir mai 12, fiye da rabin wahalarku ya tafi a banza, ita haɗin kafaɗa take so. MPPT ce ke mayar da rarar ta koma am, amma kuɗinta sai mutum ya yi ajiyar zuciya. Araha dai ba ta ado.

Sannan ga ƙabilanci, ranka ya daɗe. Maƙwabcina ya samu ɗan wat 50 a hannun wani, ya jera shi bayan mai 100, yana murna ya tara 150. Sai kai babba ka sauko ka daidaita tafiya da ƙaramin, ku biyun kuka riƙa ba shi abin da bai wuce 100 ba. Da bai saya ba ma haka zai samu. Ya kwana uku yana zargin batir, bawan Allah, batir da bai ci ba bai sha ba.

Inuwa kuwa kada a yi maganarta. Reshen darbejiya ɗaya ya leƙo da la'asar, ko tantabara ta sauke nauyinta a kusurwarka, sai ka ja fuska, in jerin gwano ne har abokinka ya taya ka fushi. Da hunturu hazo ya lulluɓe ka, dole magidanci mai furfura ya hau tsani da tsumma da bokiti, yara na ƙasa suna riƙe masa ƙafar tsani suna dariya. Ka ce a fuskantar da kai kudu, a ɗan kishingiɗar da kai, mun yi. Me ya rage?

Ashe da saura. Sai an fara haɗa batir da kwantirola kafin a kawo wayarka, don ta gane ko 12 ne ko 24. Inbata a jikin batir ake ɗaura ta. Siririyar wayar ƙwan fitila ba ta yi maka, sai mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6, in ba haka ba wutar ta ƙare a ɗumama waya. A nan kam ina bayanka, domin na ga haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ya narke ya yi baƙi ƙirin, ƙiris ya rage silin ya kama. Fis ɗin da za a sa kusa da batir bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, balle kuɗin ɗaki.

Shi ma batir ɗin ruwa mai am 100 rabin cikinsa kawai aka yarda a taɓa, wajen wat 600 na awa ɗaya. Fitilu da fanka da cajin waya, madalla. Amma uwargida ta ji an ce wuta ta zo gida, ta riga ta jona dutsen guga mai wat 1000.

Roƙonmu ɗaya ne. Ka sa baki masu kawo ka su buga waɗannan sharuɗɗa da Hausa, da manyan baƙaƙe, su manna a bayanka kusa da wat 100 ɗin nan. Kafin a yi hakan, duk wanda ya karanta wannan takarda ya nemi mai wayarin da ya san sola ya duba masa haɗinsa kafin ya kunna.

Naka mai hawa tsani,
Wani ɗan koyo