Daga Gobe Na Daina

Da wuya a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a Daura bayan sallar isha'i, ko a cika bencin mai shayi a bakin tasha, a rasa mutum guda da ke kan hanyar daina sigari. Wasu sun shekara goma a kan hanyar nan, ba su isa ba, ba su kuma juya ba. 'Yan majalisa sun san su sarai, har sun raba su gida-gida.

Akwai Mai Kalanda. Shi ya riga ya yanke shawara, rana kawai yake nema. Bayan ƙaramar Sallah ya ce sai babba ta wuce, bayan babba ya ce a bari a yi Sallar Gani, don ba ya so ya kalli hawan Sarki kansa na sarawa. Gani ta wuce, sai ga kaka, sai ga sanyi, kuma wane mahaukaci ne zai daina sigari da hunturu?

Maƙwabcinsa a benci shi ne Ba-na-saye. Wannan ya daina da gaske, amma saye ya daina. Da ya ga an kunna sai ya matso: "Mutumina, rage mini guntu." Aljihunsa ya huta, na abokansa ya shiga uku. Ranar da aka hana shi, sai ya lallaɓa wurin mai teburi ya karɓi kara ɗaya, wai ai kara ba kwali ba ne. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta haramta sayar da sigari kara-kara da kuma sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ƙa'idojin aiwatar da ita sun fito a 2019, zamanin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin. Mai teburi dai har yau yana ɓare kwali yana jera karare kusa da ashana da alawa, kamar ba da shi ake ba.

Mai Lissafi ya fi su duka ban tausayi, domin shi yana ƙoƙari. Da kwali guda yake tashi a yini, kara 20 cif, ya sauko 15, ya sauko 10, ya zo kan uku ya kafe. Yana da dokoki: na bayan tuwo ba ya cikin lissafi, wanda aka ba shi kyauta ba ya ciki, wanda ya sha a kasuwar Mai'aduwa ma ba ya ciki tunda matafiyi ne. In ya tsallaka Kwangwalam kuwa, ai wannan lissafin Nijar ne. Yakan raba kara biyu ya soke rabin a bayan kunne, ya zuƙi ɗaya rabin har ya ƙona masa yatsa. Abin da bai so a faɗa masa shi ne, wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da ke kan mai shan 20. Ragi na da amfani idan akwai ranar da aka tsayar za a kai sifili. In babu ranar, mutum ya sauya sunan abin ne kawai.

Sai mai tuban azumi. Daga asuba zuwa magariba ba ya ko waiwayen sigari, wata guda cur, abin da ke nuna jikinsa na iyawa. Amma ladan na kiran salla, dabino ɗaya, kurɓin ruwa, sai a neme shi a rasa. Yana bayan katanga. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki.

Mai Musanya kuwa bakinsa ba ya zama haka nan. Goro, TomTom, aya, kanumfari, asuwaki har ya zama tsumma. Haƙoransa sun tashi daga baƙi sun koma ja, ya ƙara ƙiba, uwargida tana murna tana kuma tambayar inda kuɗin cefane ke zurarewa. Ana yi masa dariya, amma dabararsa ba ta banza ba ce. Sinadarin nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan zuƙa, kuma idan aka yanke shi, ƙaiƙayin ya fi tsanani a makon farko, da saurin fushi da rashin barci, sannan ya riƙa sauƙi cikin makonni. Kowane tashin sha'awa mintoci ne yake yi ya lafa. Wanda ya samu abin taunawa ya wuce mintocin nan ya ci riba.

Su ma abokan iri-iri ne. Akwai Ma'aji, wanda aka damƙa wa kwali da sharaɗin ya riƙa bayarwa da awo. In aka dace da mai taurin kai, ya zama macijin Kusugu: ba a samu sai ranar Juma'a, kuma babu Bayajidan da zai kawo ɗauki. Ana roƙonsa, ana zaginsa, ana tuna masa abotar ƙuruciya, shi dai sai ya ce, "Kai ka ce in riƙe, na riƙe." In kuwa aka yi rashin sa'a shi ma mashayi ne, kwalin ba ya kwana.

Akwai kuma Kara-ɗaya-ba-komai, wanda ba ya jin daɗin busa shi kaɗai. Da ya ga mutum ya kwana bakwai bai sha ba sai ya miƙo masa, wai a yi murnar nasara. Sannan ga Tubabbe, da ya daina watan jiya ya koma mai wa'azi. Yana toshe hanci da hula, yana tuna wa kowa cewa 'yan Tijjaniyya sun daɗe da hana taba, yana kawo alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na miliyoyin da taba ke kashewa duk shekara. Gaskiya yake faɗa, sai dai da ya buɗe baki mutane ke jin marmarin kunnawa.

Wannan zaman majalisa da ake rainawa, a nan maganar take ƙarewa. A 2008 masu bincike biyu a Amurka, Nicholas Christakis da James Fowler, sun bi bayanan mutum sama da 12,000 na garin Framingham na tsawon shekara 32, suka ga cewa mutane rukuni-rukuni suke daina sigari. Idan aboki ya daina, yiwuwar mutum ya ci gaba da sha na raguwa da kashi 36 cikin 100, idan miji ne ko mata kuwa da kashi 67. A majalisa aka koya wa yawancin mutanen nan namu sigari tun suna samari, don haka ba abin mamaki ba ne idan a majalisa ake sauke ta.

Shi ya sa waɗanda suka fi dacewa a cikinsu ba a cika jin duriyarsu ba. Su biyu ko uku ne suka haɗa baki, suka tsayar da rana, suka faɗa wa iyalansu, suka matsar da tabarmarsu nesa da teburi. Wanda ya zame ya sayi shayi da burodi na kowa, washegari a ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da gori ba. Kuɗin kwali suka mayar adashi. Mai teburi ne kaɗai bai yi musu barka ba: ya rasa masu saye uku a wata guda, kuma biyu daga cikinsu har yanzu yana bin su kuɗin Benson na bara.