Yadda Ɗalibin Kokomlemle Zai Tsallake Watan Jarrabawa

Watan jarrabawa a Kokomlemle yana kamawa ne ranar da wakilin aji ya turo jadawali a zauren WhatsApp. Unguwar tana tsakiyar Akra, tsakanin mahaɗar hanyoyi ta Kwame Nkrumah da kowa ke kira Circle, da New Town, da Nima. A cikinta cibiyar koyon sana'a ta ATTC take, wadda aka buɗe a 1966 da tallafin Kanada, kuma daga nan ɗalibai ke hawa motar haya ta trotro zuwa Jami'ar Gana a Legon, ko Jami'ar Fasaha ta Akra da ke wajen Tudu, ko jami'ar UPSA a hanyar Madina. Da yawansu a gida suke kwana, cikin gidan haya mai ɗakuna birjik da famfo ɗaya. Don haka shirin jarrabawa a nan ya haɗa da gida da unguwa baki ɗaya, kuma yana da matakai.

Matakin farko shi ne nemo takardun darasi da malami ya raba tun makon buɗe makaranta. Akan fara dubawa a ƙarƙashin katifa. Idan shafi na uku ya ɓace, a tambayi ƙanne, domin wataƙila an naɗe ƙosai da shi. Sai a nemi fasko, wato tambayoyin shekarun baya, a kai wa mai fotokwafi kafin layi ya kai bakin titi. A wannan lokacin ne kuma ɗalibi mai hankali ke cika ragowar kuɗin makaranta, saboda makarantu da dama ba sa barin mai bashi ya zauna jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu shi ne sanar da mutanen gida. Ɗalibin da bai faɗa wa mahaifiyarsa jadawalinsa ba, ranar Laraba zai tsinci kansa a kasuwar Nima da buhun albasa a ka. Akan durƙusa a ce: "Mma, jibi ina da takarda, a yi haƙuri a aiki ƙanina." Uwa takan amince, ta haɗa da addu'a, sannan ta shaida wa duk matan gidan cewa ɗanta na karatu, abin da ke sa yara su koma buga ƙwallo a ƙofar maƙwabta. Ɗaliba mace tana buƙatar wannan yarjejeniya fiye da kowa, domin girki da wanki ba su san jadawali ba. Gidan da ya ɗauke mata su na mako uku yana da kaso a sakamakonta.

Wurin karatu yana bin agogon unguwa. Ranar Lahadi ta biki ce da suna: an kafa rumfa, an tare layi, lasifika na girgiza taga. Ranar nan sai a nemi ɗakin karatu, mutanen Legon kuma su nufi ɗakin karatu na Balme da wuri kafin kujeru su ƙare. Sauran ranaku, lokaci mafi albarka shi ne daga ƙarfe uku na dare zuwa kiran asuba, sai kuma bayan salla kafin rediyon maƙwabci ya farka. Masu kwana karatu har gari ya waye su sani cewa ido a buɗe ba shi ne fahimta ba. Barcin awa biyar ya fi amfanin karanta layi ɗaya sau bakwai.

Sai batun wuta. Duk wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 ya san darajar fitila mai caji. A tabbatar an sa kuɗi a mitar kamfanin wuta na ECG, kuma an raba nauyin tsakanin masu haya tun da rana, domin gardamar wa ya fi goga kaya ba ta ƙarewa a cikin duhu. Waya kuwa a cika ta da caji, a sauke takardu, sannan a kashe data. Wanda ya shiga TikTok don hutun minti biyar, ladan ne ke fito da shi.

Ciki ma yana da nasa jadawalin. Da safe koko da ƙosai sun wadatar. Waakye, wato shinkafa da wake, da rana yana riƙe mutum har magariba, amma tuwon zafi da miyar ayoyo a jinkirta shi sai an rufe littafi, saboda barci ke biyo bayansa. Idan aljihu ya yi sanyi, garin rogo da sukari da gyaɗa a ruwan sanyi ya raini ɗalibai masu yawa a Gana. Mai yaya a Amurka ko Jamus ya tuna cewa gaisuwa ke gaba da roƙo: a tambayi lafiya da iyali da sanyi, kafin a ambaci lambar tura kuɗi ta MoMo.

Majalisar samari, wadda ake kira bes, ita ce babban gwaji. Ataya zagaye uku ake sha, kuma daren Talata da Laraba akwai gasar zakarun Turai. Ɗalibi ya yi sallama, ya sha kofin farko a tsaye, ya wuce. Abokan kirki su ne masu korarsa da kansu: "Tashi ka je ka yi karatu, za mu faɗa maka sakamako."

Addu'a tana da gurbinta. Akan je wurin malam a ce, "Malam, a sa mu a addu'a," kuma malamin kirki yakan tambaya ko an yi karatun. Abin da ake gujewa shi ne apo, wato tambayoyin da wani ke rantsuwa cewa su za su fito. Mai sayar da apo ya karɓi kuɗinsa ya tafi, wanda aka kama kuwa yana iya rasa takardar, ko makarantar ma gaba ɗaya, tare da guminsa da na iyayensa.

Ranar jarrabawa a fita da awa biyu a hannu. Trotro ba ya tashi sai ya cika, kuma a watan Mayu da Yuni ruwan sama kan tsayar da Circle cak. A tanadi canji don kada a ɓata rai da kwandasta, a ɗauki katin shaida da biro biyu, a bar waya inda doka ta ce. A karanta umarni kafin tambaya, a fara da wadda aka fi sani, a rubuta lambar jarrabawa a kowace takarda.

Bayan fitowa, a guji taron masu tantance amsa a bakin ƙofa, domin wanda ya fi ɗaga murya ba lalle ne ya fi daidai ba. A koma gida, a ci, a yi barci, a buɗe darasi na gaba. Idan an gama duka, a mayar da kalkuleta da littattafan aro, a gode wa Mma da ƙanin da ya sha aike. Wanda wata takarda ta kayar yana da damar sake zama, sai ya adana faskonsa ya fara shiri tun makon farko na sabon zango.