Barbina da Masu Kashe Ta da Ƙauna

Barbina, wadda masana tsirrai ke rubutawa Verbena, tsiro ce mai ƙananan furanni da ke fitowa cunkus a kan reshe, ja ko fari ko shunayya. Yawancin ire-irenta 'yan asalin nahiyar Amurka ne. Doguwar cikinsu, Verbena bonariensis, ta samo sunanta daga birnin Buenos Aires na Ajantina, kuma takan kai tsayin mutum.

Bukatunta kaɗan ne: rana ta awa 6 zuwa 8 kullum, da ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Irinta kan yi mako 2 zuwa 4 kafin ya tsiro, kuma a wannan jiran ne masu gaggawa ke shiga uku. Mai wannan rubutu ya taɓa shuka shi a tsohon bokiti, kwana 4 kacal wani tsiro ya leƙo. Ya zuba masa taki, ya kewaye shi da kara, ya hana yara ƙwallo a tsakar gida. Wata guda yana nuna wa baƙi, har ranar da gwaggonsa ta duƙa ta duba, ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe alayyahu ya samu mai gadi?" Da daren nan aka cinye barbinar a miyar taushe.

Babban makashinta shi ne yawan ruwa. Idan saiwa ta fara ruɓewa sai ganye ya yi laushi ya sunkuya, kamar mai jin ƙishirwa, mai lambu kuwa sai ya ƙara ruwa. Haka mutumin namu ya yi wa dashen da ya sayo a karo na biyu: safe da yamma, ga ragowar ruwan alwala sau biyar, a bokitin da ya manta bai huda gindinsa ba. Farin garin da ya rufe ganyen, wanda cuta ce da cunkoso da rashin iska ke kawowa, ya ɗora laifinsa kan ƙurar hunturu. A watan Agusta.

Akwai kuma rikicin suna. Ganyen nan mai ƙamshin lemun tsami da ake shayi da shi, wanda mutanen Maroko ke kira luwiza, dangin barbina ne amma jinsinsa daban, Aloysia citrodora. Luwizar ce mai wannan rubutu ya yi niyyar shukawa tun farko.