Yayen Hular Nono, Ga Masu Taɓe Baki

Tun daga kanun nan na hango wasunku sun taɓe baki. Yaye kuma? Jaririn da ko arba'in bai yi ba? Kwantar da hankalinki, Hajiya Kaka, ba nonon za a raba shi da shi ba. 'Yar robar nan ce mai siffar hula da ake kifawa a kan nono, wadda za ki tarar a jakar wasu masu jego a Kano, daga Badawa har Giginyu, ita ake so ya saki ya kama fatar uwarsa.

Ai na ji ki. "Mu da muka haifi goma, wa ya taɓa kifa mana roba?" Babu, ranki ya daɗe. Amma ku ne fa kuke tatsar nono a ƙoƙo ku jefa tururuwa, in ta fito da rai ku ce nono lafiya lau, in ta mutu ku ɗora wa yarinya jiƙe-jiƙe. Ku ne kuke zubar da dakashi ku ce datti ne, alhali shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. To a yi mana afuwa da tamu robar.

Ku kuma malaman majalisa, masu cewa sabon salo ne na matan da ba sa son wahala, abin ya girmi kakanninku. A Ingila cikin ƙarni na 19 ana yin ta da azurfa, da gilashi, da katako, har da dalma, gubar nan da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ta yanzu silikon ce siririya. Kuma tana da ranarta: kan nonon da ya shafe ko ya shige ciki, da wanda ya tsattsage har yana jini, da bakwainin da bakinsa bai yi ƙarfin riƙo ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2000 ya nuna bakwaini sun fi samun nono da ita a kan babu ita.

To in tana da amfani, me ya kawo yaye? Tambayi wadda ta taɓa nemanta da ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta, yaro na tsala ihu, ita kuma aba ce garai-garai da ba a ganinta a kan zanin gado. Ana haska fitilar waya, ana ɗaga filo, can a tsince ta manne a bayan rigar maigida yana ta minshari. Ga wanki bayan kowace shayarwa, a unguwar da wani lokaci sai an jira mai kurar ruwa. Ga gidan biki, ana laluben manna ta a ƙarƙashin hijabi. In kuma ba ta zauna daidai ba, yaro ya yi ta tsotson kan roba nono bai fita sosai, a hankali ruwan ya ja baya.

Yadda ake raba su, wayo ne, ba ƙarfi ba. A cire wa yaro riga, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata. Kada a jira sai yunwa ta haukata shi. Lokacin da ya fara motsa baki yana tsotson hannu, ko yana magagin barci, nan ne ake cin galabarsa. A fara da robar yadda ya saba. In ruwa ya zubo, kika ji yana haɗiya, kan nono kuma ya fito, sai ki sa ɗan yatsa a gefen bakinsa ki zare shi, ki zame robar, ki mayar da shi kafin ya farga. Ki ɗan matse nonon da hannu ya yi faɗi, ki ɗiga masa kaɗan a leɓe, ki jira ya wangale baki sosai, haɓarsa ta taɓa nono. Ya gane an yaudare shi ya ɓata rai? Mayar masa da abarsa, a sake gwadawa anjima. Bakano ne, ba ya son a canja masa kaya bayan an gama ciniki. Zage-zagi, ku daina dariya, naku sai an haɗa da roƙo.

Gwaggo, ajiye maɗacin nan. Wannan ba yayen ɗan shekara biyu ba ne da ake shafa ɗaci a kai shi gidan kaka. Kuma zancen "bar shi da yunwa zai kama dole" ba a yi wa ɗan mako uku. Kai ma maigida mayar da almakashi; in aka yanke silikon bakinsa yakan yi kaifi ya ji wa yaro. Ruwan da ake ɗura masa da sunan zafin Kano shi ma a dakata: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata 6, amma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun haka.

"Yaya za mu san yana ƙoshi?" Yawwa, yanzu kika yi tambaya. Ƙirga ƙunzugu: bayan kwana biyar da haihuwa, jiƙaƙƙe shida ko fiye a yini da dare. Sai sikeli. Ranar allurar mako 6 a ɗora shi a awo, ko a asibitin Nassarawa ko a ƙaramin asibitin unguwa, uwar kuma ta shayar da shi gaban nas ta duba kamun. In nauyi ba ya hawa, ko fitsari ya ragu, kada a jira ranar allura.

Wani yaron cikin 'yan kwanaki zai saki, wani sai ya shafe watanni, wani kuma shi da kansa zai fizge ta wata rana ya jefar. Kafin nan, maigida, tunda ka fi kowa ra'ayi a kan maganar, wankin robar na dare ya koma hannunka.