Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Sarkin Keken Abuja

Gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Hotunan da ka cika mana waya da su ranar Asabar sun iso, kuma na tara yaran gida mun kalla tare don a san halin da Zage-zagi suke ciki a Abuja. Autarsu ta rantse ɗan sama-jannati ne. Sai da aka hango tumbin da ya kwanta a kan sandar keken sannan kowa ya shaida ka.

Wai ka shiga ƙungiyar mahaya keke. Kuna haɗuwa da sanyin safiya a Unity Fountain, ku bi ta gefen Millennium Park, ku ratsa Maitama, ku haura Katampe ku faɗa Gwarimpa, ku dawo ta Life Camp ku zube a bakin tafkin Jabi, a sha ruwa a ɗau hoto. Madalla. Sai dai akwai hoto guda da ya kamata ka goge kafin ka turo, wanda aka ɗaure keken a bayan motarka. Ashe mai kake ƙonawa ka kai keke wurin hawa, sannan ka ƙona wani ka mayar da shi gida! Tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, malamin firamare a nan Kano ya kakkaɓe tsohon keken babansa don albashi ya kai ƙarshen wata. Kai kuwa keke ya buɗe maka sabuwar ƙofar kashe kuɗi. Wannan dabara sai mai digiri daga Samaru.

Mu koma kan sutura. Wandon nan da ya ɗame ka, an kuma ɗinka masa soso a mazauni, da shi ka fito tsakar gida gaban iyali? Ga hular kwano duk ɓula, ga safar hannu mai yankakkun yatsu, ga tabarau ruwan mai, ga agogon da aka ce yana ƙirga bugun zuciya. Ni da zan ba agogon shawara, da ya ƙirga lomar tuwon daren Juma'a, don can matsalar take. In surukanka na Tudun Wada suka ga hoton, kada ka ce Bakano ne ya kai musu, ko da yake ni ne.

Ban yi mamakin yadda kake zagaye garin kana ɗaga kafaɗa ba, ai gani kake gadon gida ne. Zamanin jihadi Sarkin Zazzau Makau ya bar Zariya ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, shi ne Abujar asali. Da gwamnati ta tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka ari sunan, tsohon garin ya koma Suleja, har yau ba a maido aron ba. Ka ga ke nan nausawa kudu da sauri tsohuwar sana'arku ce, keke kawai aka ƙara. Tsayawar da kuke yi a ƙofar Millennium Park ma na gane dalilinta: Sarauniyar Ingila ce ta buɗe shi a Disamban 2003, Bazazzagi kuwa ko ƙurar Turanci ya hango sai ya ci birki ya gyara murya.

Wanda ya ba ni labarin hawan Katampe ya roƙe ni in sakaya sunansa. Ya ce kekenka mai giya ya fi a ƙirga, ka yi ta sauya su ƙaf-ƙaf har suka ƙare, tudu bai ƙare ba. Ka sauka kana turawa, kana faɗa wa na bayanka wai kana duba sarƙa. Ana haka wani dattijo mai burodi ya zo a kan tsohon Phoenix mai giya ɗaya tak, kwali uku a kariya an ɗaure da roba, silifa a ƙafa. Ya wuce ku duka, har da yi muku sannu da aiki. A Gwarimpa kuma tayarka ta sace. Ka tsaya kana neman lambar bakanike a waya, motar rakiya ta zo ta kwashe ka tare da ragowar ayaba.

Haba bawana, faci fa! Ka ɓalle taya da bakin cokali, ka zaro tub, ka ba shi iska, ka riƙa tsoma shi cikin kwanon ruwa kana juyawa har ka ga inda kumfa ke tsattsafowa. Ka soka tsinke a wurin, ka goge, ka kankare, ka shafa gam ka bar shi ya sha iska kaɗan, ka manna guntun roba ka danna da gindin kwalba. Kafin ka mayar, ka zagaya cikin tayar da yatsa ka ciro ƙayar da ta yi ɓarnar, in ba haka ba ka yi aikin baban giwa. Yaron da ya taɓa karɓar keken haya na awa ɗaya a Fagge ya san wannan, don in ya mayar da shi a sace kunnensa ne zai biya. Mu a Bompai aka haɗa Raleigh, ku kuka zo saye.

Wasa wasa dai, ina tsoron in rasa bawa. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya tashi haiƙan yana kiran jama'a su koma keke, ya hau nasa zai je aiki a Abujar nan, bas ta tura shi cikin kwata. Minista ke nan, ina ga kai? An shimfiɗa titunan garin ne don mota, faɗi kamar filin idi, direba kuwa in ya ga fili sai ya manta da birki. Ga ramukan magudana da ɓarayi suka kwashe murafensu. Ku kuna fita ranar Asabar, titi fayau, mota gaba mota baya, sai ku dawo kuna cewa Abuja ta dace da keke. Ka gwada safiyar Litinin daga Mararraba ka bi ta Nyanya, inda masinjan ofishinku yake fitowa kullum, ka zo ka ba ni labari. Tunda kuna da manya a cikinku, kuma kowace 3 ga Yuni kuna ɗinka riga don ranar keke ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2018, ku nemi a keɓe wa keke gefen titi mai shinge daga can zuwa cikin gari. Mai burodin Katampe ya fi ku bukatarsa.

Kafin nan ka zo Kano in gwada ka. Mu tashi daga gidan zu na Audu Bako, mu fito Ɗan'agundi, mu bi gefen ganuwa ta Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya har Kabuga, cikin 'yan adaidaita sahu, ba rakiya ba ayaba. Zan ara maka keken maigadinmu, ka sa wando irin na mutane. Ka taho da tsintsiyarka, kuɗin shararka na cika-ciki suna nan na ajiye, in ka kai Kabuga ba ka sauka duba sarƙa ba zan ninka maka su, in ɗora da gurasa.