Ranar da Na Lashi Furen Surukata

A gidan surukai ko ruwa aka ba mutum, kurɓa ɗaya yake yi ya ajiye kofi. To ni fure na lasa.

An bar ni ni kaɗai a falon Hajiya a Abuja, tana salla. Bakin taga akwai furen okid, mai tsadar nan da ake shigowa da shi daga Holan, ga wasu ɗigo-ɗigo suna ƙyalli a jikin sandarsa. Na dangwala na kai baki. Zaƙi! Na leƙa ƙarƙashin ganye, nan ma har ya fi yawa. Da yatsa ya gaza sai na sa harshe.

A durƙushe ƙanwar matata ta same ni. Ilimin noma take karantawa, rashin sa'ata ke nan.

"Yaya, lafiya?"

Na ce bincike nake yi.

Ta ce na jikin sandar ba komai, ruwan sukari ne da shukar ke fitarwa da kanta, kuma wannan jinsin, Phalaenopsis, ba shi da dafi. Har na fara gyara hula. Sai ta juya ganyen, ga wasu fararen ƙwari kamar auduga sun yi cincirindo. "Wannan kuwa darɓa ce, irin ta dawa. Su tsotsi ruwan ganye, su fitar da ragowar ta baya."

Ta baya fa!

Ta ƙara da cewa masu renon furen sayarwa kan zuba magani mai ratsa jikin shuka, irin su imidacloprid, wanda wanki ba ya fitarwa. Na ce ai ga ƙwarin nan da ransu. Ta ce shi ya sa aka yi musu feshi jiya.

Na ce a kawo manja. Ta ce manja ba ya karya guba, in kurkure baki kawai. Aka ɗauko kwalbar feshin: ruwan sabulu ne. Dama na ji wani ɗanɗanon wanki.

Tana dariya ta ce a 1862 Darwin ya ga wani okid na Madagaska da zumarsa ke can ƙasan wani dogon bututu, ya ce dole akwai ƙwaro mai dogon harshe da ke sha. A 1903 aka gano ƙwaron. "Ga na biyu a falonmu."

Hajiya da ta fito, furen ta fara dubawa. Ashe hannu na iya ɗaukar cutar bairos daga wannan okid zuwa wancan, ba ta kuma da magani. Ni ko sannu.

Yanzu in na je gaisuwa, a tsakar gida ake shimfiɗa min tabarma.